Ni na gina gidan da gumina, amma dangin miji sun mai da shi gidan gandu

Wannan saƙon wata baiwar Allah ce ta turo, na ɗan taƙaita shi:

"Salamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Kano, aure ya kai ni wani ƙaramin gari a jihar Jigawa, garin su maigidana. Da farko a gidan gandu muka zauna, ciki da falo, banɗaki ɗaya da jama'a kaca-kaca. Da aka raba gadon mahaifina sai na haɗa da kuɗin adashi da bashin kofareti, har ɗan kunnena na gwal na sayar, muka fara gini a wani fili da Baffan maigida ya yankar mana a gonarsu ta gado da ke bakin gari. Kusan duk kuɗin ginin nawa ne, shi ya yi katanga da get da sallamar leburori. Na yi bohal. Toh tunda muka tare ban huta ba. Tun asuba yara ke buga get ɗiban ruwa, ƙannensa su faɗo har falo ba sallama, an kawo wani ɗan yayarsa an ajiye a shagon waje ba wanda ya tambaye ni, in na yi magana a ce 'yar birni ce mai girman kai ta raba shi da danginsa. Ga karo-karo ba ya ƙarewa, yau na taransifoma gobe na 'yan sintiri jibi na cikon lungu. In na yi ƙorafi maigida ya ce haƙuri, haka garin yake. Ni yanzu so nake a sayar mu koma Kano ko Dutse ko da haya ce. Af, filin ba shi da takarda, da baki Baffa ya bayar, kuma na ji wani ɗan Baffan yana cewa ai aro aka ba mu. Me kike gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai Allah ya sanya alheri, Allah ya sa rai aka yi wa. Mace ta tsaya da albashin koyarwa ta tada gini har ta yi rufi ta tare a wannan marrar da siminti ya tashi daga ƙasa da dubu uku ya haura dubu goma a 'yan shekaru, wallahi ba ƙaramar jaruma ba ce, kar ki bari surutun mutane ya mantar da ke wannan.

Amma kinga abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne wanda kika jefo a ƙarshe da "af". Duk maganar ruwa da sallama da karo-karo ciwon kai ne na yau da gobe, ana shan magani ya lafa. Rashin takardar nan kuwa shi ne zai iya raba ki da gidan gaba ɗaya, kuma ke da kanki kin ce har wani ya fara cewa aro ne. Ruwa ba ya tsami banza, in kin ji yaro yana faɗin magana irin wannan toh ba shi kaɗai ya ƙirƙiro ta ba, wani zaman aka yi aka faɗa ya kwaso. Saboda haka nan zan fi daɗewa.

Tambayar farko da za ki yi wa maigida, a nutse ba da faɗa ba: gonar nan an raba ta ko ba a raba ba? Idan gadon kakansu ne har yanzu yana haɗe, toh Baffa komai girmansa ba shi kaɗai ke da ita ba, kasonsa kawai yake da iko a kai, akwai ƙannensa mata da ƙila suna aure a wasu garuruwan, akwai 'ya'yan waɗanda suka rasu, kowa yana da haƙƙi a kowane taƙi na gonar har sai an raba. Mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. A garuruwanmu an saba babba ya nuna da sanda ya ce daga bishiyar can zuwa nan ku gina, kowa ya yi shiru saboda kunya da girmamawa, amma shirun kunya ba yarda ba ce, ranar da babban ya kwanta dama ko ranar da titi ya biyo ta wajen fili ya yi daraja sai ki ga baki ya buɗe. Je ki kotun shari'a ta kowane gari ki zauna a benci na awa biyu ki ji, rigimar gona da fili da gado ba ta yankewa, kuma galibi tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ne.

Idan kuma an raba, wajen ya faɗo a kason Baffa, alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi, domin a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi kyauta tana tabbata ne da karɓa a hannu tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, ku kuwa kun karɓa har kun gina kun shiga. Sai dai ko a nan ɗin ma alƙali shaida zai nema. Su waye suka ji lokacin da ya bayar? Suna raye? Za su iya tsayawa su faɗa a gaban 'ya'yan Baffan?

Abin yi shi ne tun Baffa yana da ransa da hankalinsa a rubuta. Maigida ne zai je, ba ke ba, ya same shi da ladabi da ɗan goro da turare ya ce Baffa rai ba a bakin komai yake ba, ina so alherin da ka yi min ya tabbata a rubuce saboda 'ya'ya. Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan, hasali ma daɗi yake ji. A zauna a zauren mai unguwa, a kira magadan duk wanda za a iya samu, mata ma a je har gida a ji ta bakinsu, a rubuta kwanan wata, wane ya ba wane, tsawo ƙafa kaza faɗi ƙafa kaza, gabas ya yi iyaka da gonar wane, yamma da hanya, kudu da arewa haka, a rubuta ƙarara cewa kyauta ce ba aro ba ba jingina ba, kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala, liman da mai unguwa su shaida, a kai wa dagaci ya buga hatimi, in da hali har gaban hakimi. Idan gonar ba a raba ba, sai magada su amince a rubuce cewa wannan yankin an fitar da shi, za a lissafa shi cikin kason ɓangaren su maigida ranar rabo. In wani ya ce shi sai an biya shi, ki biya. Eh na san zafi, amma kuɗin fili a ƙaramin gari bai kai kuɗin kwanon rufin da kika saka ba, kuma abin da aka saya ya fi wanda aka bayar kyauta kwanciyar hankali, ba mai yi miki gori.

Daga nan kar a tsaya a takardar mai unguwa. Ita shaida ce mai ƙarfi amma ba ita ce ta gwamnati ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma har yau tana aiki, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da ke yankin da aka ayyana birni gwamna ke ba da takardar mallakarsu, wanda ba birni ba kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Toh maigida ya je sakatariyarku sashen ƙasa ya tambaya ɓangaren da kuka faɗa, a turo safiyo ya auna ya kafa alamun iyaka, a buɗe fayil. Yana cin lokaci da ɗan kuɗi da zirga-zirga, a daure. In an samu ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki yi fotokwafi, kwafi ɗaya ki kai gidanku Kano a ajiye miki. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa mutane da yawa ba ɗakuna kawai suka rasa ba har abin da ke cikin akwati, ga gara ga gobara, takarda ɗaya tal a ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce.

Sai maganar da na san ita ce za ta fi miki nauyi a baki: sunan wa za a saka? Ƙanwata, dukiyar mace a Musulunci tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji. Ba fata nake ba, Allah ya ba maigida tsawon rai, amma in yau ta Allah ta kasance gidan nan yana da sunansa ko kuma ba sunan kowa, gari kaf sun san shi da "gidan wane", cikin gado zai shiga. Ke tumuni za ki samu in akwai 'ya'ya, wato kashi ɗaya cikin takwas, mahaifiyarsa in tana raye tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida. A ce misali an yi wa gidan kuɗi miliyan 16, naki miliyan 2 ne, in kuma kafin nan ya ƙaro miki abokiyar zama ku raba miliyan ɗai-ɗai, a gidan da kika sayar da gwal ɗinki kika gina. Ko saɓani ya gitta, Allah ya kiyaye, ke za a ce ki haɗa kayanki. Don haka a rubuta tsakaninku, da shaidu daga ɓangarenki da nasa, ko wanki ko kawunki ya zo: fili na wane, gini na wance, ko kuma gidan kaso kaza nata kaso kaza nasa gwargwadon abin da kowa ya saka. Ki tattaro duk abin da ya rage na rasit ɗin siminti da rodi, alat ɗin banki, takardar bashin kofareti, ko littafin da kike rubuta kuɗin birkila. Idan ya ce ba ki yarda da shi ba ne, ki ce ba shi kike tsoro ba, ranar da ba ya nan kike tsoro, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi tsakanin muminai, ba ta ce sai wanda ba a yarda da shi ba. Ki zaɓi lokaci, ba yana shigowa a gajiye ba, kuma dan Allah kar ki haɗa wannan zancen da ƙorafin ƙannensa a zama ɗaya, in kika haɗa zai ɗauka duk yaƙi ne da danginsa ya toshe kunne.

Toh mu dawo kan ruwa. Nan kam zan ɗan saɓa miki. A ƙaramin gari wanda ya yi bohal ya san ba shi kaɗai ya yi wa ba, kuma hana ruwa yana cikin abubuwan da mutanenmu ba sa yafewa, addini ma ya yi hani da hana rarar ruwa. In kika rufe get gobe, sunan da za a saka miki har jikokinki sai sun ji shi. Amma kuma ba a ce ki zama baiwar famfo ba. Ina iya hango abin: ko sallar asuba ba ki shafa ba an fara kwankwasa, yara goma sha da jarkoki masu ruwan ɗorawa da bokitan fenti, wannan ta ture wannan, tsakar gida ya zama caɓi, wani ya taka miki shanya, ƙaramin cikinsu ya tsuguna a gindin katanga, ke kuma ga makaranta ƙarfe bakwai da rabi. Ba ruwan ne ya dame ki ba, shigowar ce. Saboda haka fitar da ruwan waje. Ki kira mai gyaran famfo ya huda katanga ya fitar da kai biyu ko uku, a yi ɗan dandamali na siminti da kwata mai kai ruwan inda ba zai kwanta a ƙofar maƙwabci ba, makunnin yana ciki a hannunki. A sa lokaci, misali bayan an idar da asuba zuwa bakwai, sai kuma bayan la'asar. Kuma maigida ya faɗa wa mai unguwa da liman a sanar a masallaci cewa ga ruwa an fitar sadaka ga iyaye, ga lokutansa. Kinga an tashi daga "ta hana mu shiga" an koma "ta yi mana famfo". Idan da janareta kuke tura ruwan, tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya san abin da lita take, ba abin kunya ba ne a ce masu kura da ke sayarwa su riƙa ba da wani abu na mai da gyaran sumo, masu ɗiba na sha a gida kuwa a bar su. In hali ya samu nan gaba a koma sola a huta.

Shigowar ƙannen miji ba sallama kuwa ba al'ada ba ce, sakaci ne, kuma kina da gaskiya ɗari bisa ɗari. Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama, kuma Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji tsoratarwa ya yi mai tsanani. Su a ransu gidan yayansu ne, yadda suka saba a gidan gandu suka ɗauko. Wannan aikin maigida ne, shi zai ce musu ku riƙa tsayawa a soro ku yi sallama. In ba ku da soro ko ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, ki yi shi kafin ki sa tayil a ko'ina, iyayenmu da suka ƙirƙiro zaure sun san abin da suke yi. Ke naki shi ne in sun tsaya ɗin a aika musu ruwa mai sanyi da abinci da fara'a, kar ya zama an tsayar da su a waje kuma an share su.

Yaron da aka ajiye a shago, laifin a nan rashin shawara ne ba zamansa ba. Ki faɗa wa maigida ya yi miki ciwo da ba a tambaye ki ba, sannan a sa masa ƙa'ida: lokacin rufe get, ba tara abokai, ga ɗan aikin da zai riƙa yi, ko kula da famfon nan ma ya isa. Gida a bakin gari, maigida yana tafiya, saurayi a ƙofa ba asara ba ne.

Karo-karo ki biya kawai in dai kin ga ana aikin. Haya kika saba gani a Kano inda mai gida ke ji da wannan, yanzu ke ce mai gidan. A ƙaramin gari ba wanda zai zo ya cike muku lungu kafin damina in ba ku ba, kuma 'yan sintirin nan ƙofarki suke wucewa da tocila ƙarfe biyun dare. Abin da za ku iya nema shi ne a riƙa rubutawa ana karanta lissafi, kuma a daina yanka muku ninki don an ga get mai fenti.

Batun girman kai, bari in tambaye ki tsakani da Allah: tunda kika tare sau nawa kika taka gidan gandun ba don wani sha'ani ba, kawai ki gaida surukarki ki zauna a tabarma ki taya faccalolinki tsinkar zogale? An yi haihuwa kin je barka tun kafin suna ko sai ranar kika leƙa da atamfa kika fito? An yi rasuwa kin zauna ko gaisuwar tsaye kika yi? Ban ce ba kya yi ba, na san aiki da yara da gajiya. Amma mutanen ƙaramin gari suna lissafin ƙafa fiye da lissafin kuɗi, za ki ba da dubu biyar a manta, a riƙe cewa ba ki zo dubiya ba. Ke kin fita daga cikinsu kin shiga gida mai silin da fanka su suna inda kika bar su, ko ba ki ce komai ba zuciya sai ta raya musu wani abu, toh ke ce za ki riƙa ragewa da zuwa. Ba kowa za ki gamsar ba, akwai wadda ko ruwan bohal ɗin kika kai mata har ɗaki sai ta ce da gori kika kawo, wannan ki bar ta da halinta. Ki kama mutum biyu uku masu faɗa a ji, surukarki, wata gwaggon maigida, matar liman, in waɗannan suna yabonki sauran surutun ba ya nisa. Kuma kina da abin da ba kowa ke da shi ba, ke malama ce, 'ya'yansu ne a ajinki.

Sayarwa kuwa, a'a, ban ba ki wannan shawarar ba, aƙalla ba yanzu ba. Wa zai sayi gidan da ba takarda kuma ana ƙishin-ƙishin aro ne? Dillali yana jin haka zai karya shi warwas. Idan ma gonar ba a raba ba, sauran magada suna da haƙƙin shufa'a, su suka fi cancanta su karɓa a kan farashin da aka yi ciniki, baƙo ba zai so ya zuba kuɗinsa a wannan ba. Ko da komai lafiya lau, gida a ƙaramin gari da wuya ya mayar da kuɗin da aka kashe masa, masu iya saya kaɗan ne kuma kowa ya fi son ya gina a filin gidansu. Abin da za a ba ki ba zai saya miki irinsa a Dutse ba balle Kano, ki koma hannun mai gidan haya yana ƙara miki kuɗi duk shekara, ga sauran bashin kofareti ana yanka a albashi, ga aikinki da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma ba a ɗauke shi a kai wata jihar kamar kayan ɗaki. Sannan shi maigidan garinsu ne, mahaifiyarsa tana nan, kin tabbata zai bi ki?

Ki ba abin shekara guda. Wannan watan maganar Baffa da takarda, kar ta wuce, dattijo ne. Famfon waje ba zai ci miki kuɗi mai yawa ba, ana iya yinsa a sati ɗaya. In shekara ta zagayo takardu suna hannu, sunanki yana ciki, kuma har lokacin zaman ya gagara, sai ku zuba 'yan haya ko ku sayar da daraja ku tafi. In kuma maigida ya ƙi maganar rubutun sam-sam bayan kin bi ta lalama sau ɗaya sau biyu, kar ki yi shiru kuma kar ki tada rigima, ki sanar da waliyyinki ya zo su zauna a matsayin manya, in ta kama a haɗa da limamin garin. Ki sake rubuto min ki faɗa min abin da Baffa ya ce.